Wa ya taɓa haɗa ƙyallaye ya yi bargo?

Maman Sadiq (Taura): Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure. Ban daɗe da fara taka keke ba, har yanzu siket da rigunan yara nake yi. Ragowar atamfar ɗinkin sallah ta cika mini buhu, kuma raina bai ba ni in kai ta murhu ba. Na ga wani aiki a YouTube da suke kira Nine Patch: a yanka ƙyalle murabba'i guda tara, biyar masu duhu huɗu masu haske, a jera su uku-uku a haɗe su zama gida ɗaya, in gidajen sun yi yawa a haɗa su zama abin rufa. Na gwada, amma kusurwoyin ba sa haɗuwa a tsakiya, layin sama ya zarce na ƙasa, gidan kuma ba ya kwanciya. Keken ne ko yankan? Butterfly ne na ƙafa.

Anti Tela (Ringim): Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki bar keken nan, ba shi da laifi. Ki faɗa mini abu biyu. Da me kika auna ƙyallayen kafin ki yanka, kuma nawa kike bari a bakin ɗinki?

Maman Sadiq (Taura): Anti, na yanka ɗaya da tef, sai na riƙa ɗora shi kan sauran ina bi da almakashi. Bakin ɗinki kuwa da ido nake yi, yadda aka koya mana a siket.

Anti Tela (Ringim): To ga amsarki nan a bakinki. Ƙyalle ba ya zama ma'auni, don yana miƙewa yana zamewa, na goma ba zai taɓa zama daidai da na farko ba. Ki samu kwali mai tauri, irin na kwalin takalmi ko na sabulu, ki zana murabba'i inci 4 da rabi ta kowane gefe da rula, ki yanke shi da reza. Kusurwarsa ki gwada ta da kusurwar littafi ki tabbatar ta tsaya cak. Shi za ki riƙa ɗorawa a bayan atamfa ki zagaye da fensir mai tsini, ba alli ba, don layin alli kauri gare shi. Sai ki yanka a kan layin.

Bakin ɗinki kuma kwatan inci ne a wannan aiki, kowane ɗinki, ba ƙari ba ragi. A siket in kin ci ɗan ƙari ba wanda zai sani. A nan zai nuna. Ki duba lissafin: ƙyalle uku na inci 4 da rabi sun ba ki 13 da rabi. Ɗinki biyu ne a tsakaninsu, kowanne yana cin rabin inci, kwata daga dama kwata daga hagu. Layin ya kamata ya fito 12 da rabi. In a layin sama kin ci kwata, a na ƙasa hannunki ya ɗan zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci kawai, to na ƙasa zai gaza na sama da rabin inci cur. Shi ne abin da kika gani.

Dabarar da nake koya wa yarana ita ce, ki sauke allura, ki auna kwatan inci daga allurar zuwa dama, ki manna filasta a kan farantin keken, ki ninka shi biyu ko uku ya yi ɗan tudu. Bakin ƙyalle ya riƙa bin jikinsa. Idonki ya bar kallon allura, ya koma kan filastan.

Malam Tela (Gujungu): Salamu alaikum. Hajiya Anti ta yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Wuri ɗaya zan saɓa mata. Kwatan inci na Turawa ne, su da injin wanki da yadi mai ƙaramin zare. Mu nan wanki da hannu ake yi, a cuɗa a murɗe a shanya a rana, atamfar yanzu kuma da yawa bakinta warwarewa yake. Ni a ganina mai koyo ta yanka inci 5 ta ci rabin inci, kowane ƙyalle zai fito inci 4 ɗin dai, layi ya ba ta 13 kafin haɗi. Hannunta ya riga ya saba da rabin inci, kuma ɗinkin ya fi ƙarko.

Anti Tela (Ringim): Malam, ina jin ka, amma ka tuna akwai wurin da ɗinki huɗu ke haɗuwa. Da rabin inci wurin zai yi ƙullutu, in ta zo bin bargon da allurar hannu sai yatsanta ya huje. Kuma bakin ɗinkin ba a fili zai zauna ba, a cikin bargo zai shige tsakanin shafi da ciko, ruwa da hannu ba sa taɓa shi kai tsaye.

Malam Tela (Gujungu): Gaskiya ne in an yi masa shafi. To a bar shi haka: wadda za ta yi bargo mai ciko ta bi kwata, ta ƙanƙanta takun keken. Wadda za ta yi zanin gado falle ɗaya ta ci rabi ta bi bakin da ɗinki na biyu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a gauraya su a aiki ɗaya.

Ummu Hanifa (Gezawa): Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Maman Sadiq, 'yar uwa, wannan wahalar ta mece ce? Ke da kike koyo, lokacin da za ki ɓata kina yanka ƙyalle kina haɗawa, da kin koyi yankan riga da sa zif da wuyan buba, abin da zai kawo miki kuɗin sabulu. Bargo ga shi nan jibge a Kantin Kwari, ga na gwanjo a kowace kasuwar ƙauye da zarar hunturu ya kama. Na yi lissafi da awon da Anti ta bayar: gadon ƙafa shida, gida 6 a tsaye 6 a kwance, gida 36 ke nan, kowanne ƙyalle 9, ƙyalle 324. Wa zai biya ki ladan yanka 324 da haɗa su? Sannan mu faɗi gaskiya, mutanenmu in suka ga haɗe-haɗen tsumma talauci suke gani. Ki kai shi ɗakin amarya ki ji abin da dangin ango za su ce.

Amarya (Jahun): Wallahi Anti Ummu abin da nake tsoro ke nan. Na taɓa yi wa ƙanena riga da ragowar yadi kala uku, yara suka yi ta tsokanarsa a makarantar allo har ya daina sawa.

Maman Sadiq (Taura): Ummu Hanifa, na gode da kika faɗa a fili. Ba don sayarwa na fara ba. Sanyin bana nake hange, yara uku a katifa ɗaya, ga ƙyalle a ajiye ba ya amfanar kowa. Amma maganar ido da bakin mutane ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Jikar Hajiya (Kura): Na karanta wa kakata wannan muhawara tana zaune tana tsince wake, ta ce lallai in rubuta muku saƙonta yadda ta faɗa. Ta ce a gaya wa 'yar nan ta Gezawa, haɗa ƙyalle da ƙyalle ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, da shi aka san mu. Masaƙan da ba sa saƙa zane mai faɗi, ƙwarya-ƙwarya, wato dogaye sirara, suke sauke shi daga masaƙa, sai maɗinka su zauna su haɗa da allura baki da baki. Gwado haka aka yi shi, luru haka, saƙi haka, babbar rigar da sarki ke sawa haka. Nan Kura turkuɗin da Buzaye ke zuwa saye su yi rawani, ƙwaryarsa ba ta fi faɗin yatsa ba, a haɗa su da yawa kafin a kai marina a rina a buga. Ta ce wanda ya iya wannan haɗi ba a taɓa kiransa matsiyaci ba, gwani ake ce masa. Ta ce kuma a zamaninsu in zane ya tsufa ba a yar da shi. A yanke inda ya mutu, a haɗa mai rai da mai rai, a ninka biyu ko uku a bi da zare a yi wa jariri shimfiɗa.

Ummu Hanifa (Gezawa): A gaishe da Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma Hajiya, waccan ƙwarya sabuwa ce, kala ɗaya ko biyu, an saƙa ta don a haɗa. Wannan ragowa ce, kowace da furenta. Ba ɗaya ba ne.

Baban Walid (Gumel): Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba maɗinki ba ne, uwargida ce ke cikin zauren nan nake karɓar mata saƙo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifidi. Ku dubi abin da ke jikin dokin da mahayinsa: yadi ne ja da rawaya da kore da baƙi, an yanka an haɗa, an cusa audugar rimi a ciki an bi da ɗinki ya yi kauri. A da shi ne sulken da ke tare kibiya a fagen yaƙi, kuma 'yan lifidi su ne ke kusa da sarki. Ku dubi timtim ɗin dukawa da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, fata ce kala-kala aka yanka aka haɗa. Ba mai ganin lifidi ya ce tsumma ne. Me ya sa? Don an tsara kalar, an daidaita yankan. Ina ganin nan ne maganar take.

Anti Tela (Ringim): Baban Walid ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Amarya, rigar ƙanenki ba haɗin ne ya jawo mata tsokana ba, rashin tsari ne. Atamfa da kanta surutu gare ta. In kika jera tara kowacce da furenta, ido ba ya samun wurin hutawa. Ki sayi yadi marar zane kala ɗaya, ko ruwan madara ko shuɗi mai duhu, yadi biyu ya isa farawa. Ƙyalle huɗun nan na gefe a kowane gida duk ki yi su da shi, biyar ɗin kusurwa da tsakiya su zama atamfa. Atamfar ma ki ware ta: masu ja da ruwan goro gefe guda, masu shuɗi da kore gefe guda, kowane bargo ya ɗauki dangi ɗaya. In kin gama sai ki zagaye shi da wannan yadin marar zane faɗin inci 4. Wanda ya gani zai san da gangan aka yi, ba rashi ba ne.

In kina shakkar wane ne mai duhu wane ne mai haske, ki jera su a tabarma ki ɗauka da waya, ki mayar da hoton fari da baƙi. Nan take za ki ga wanda ya ɓace cikin ɗan uwansa.

Malama (Birnin Kudu): Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina so in ƙara wani abu kan maganar talauci, don ta dame ni. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye da kogi ya kusa zagaye shi, ana kiransa Gee's Bend. Mazaunansa baƙar fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Matan ƙauyen sun gaji haɗa bargo da tsofaffin wandunan aiki da buhunan yadi da ragowar riguna, don gidajensu na katako ne sanyi na shiga. Ba su yi don kasuwa ba. A 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai New York, masana suka yi ta mamakin tsarin kalarsu. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu daga cikin bargunan a jikin kan sarki na aika wasiƙa. Matan karkara ne kamarmu, da allura da ragowar tufa.

Kuma ba su kaɗai ba. A yankin Sindh na Pakistan mata na yin ralli, ana sa shi cikin kayan auren 'ya mace. A Bangladesh suna jera tsofaffin zannuwa su bi da ƙananan ɗinki, shi ne kantha. A Senegal almajiran Shehu Ibrahima Fall, 'yan Baye Fall, tufar haɗe-haɗe ce alamarsu. Mutanen Mahadi a Sudan, waɗanda suka ci Khartum a 1885, jibba mai maho suke sawa. In muka koma can baya, an ruwaito cewa an ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana Halifa da maho a rigarsa tsakanin kafaɗunsa. To daga ina muka samo cewa haɗa ƙyalle abin kunya ne?

Ummu Hanifa (Gezawa): Malama, na ƙaru, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ni a Gezawa nake, ba a New York ba. Mai sayen da zai zo ƙofata ita ce maƙwabciyata, ita kuma za ta gwada farashina da na bargon Chana. Tambayata ta kuɗi har yanzu tana nan.

Malama (Birnin Kudu): Tana nan, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ban ce gobe za a yi layi a ƙofar Maman Sadiq ba.

Malam Tela (Gujungu): Bari in amsa ta kuɗin a matsayina na wanda ke zaune a kasuwa. Babban bargo ba zai fitar da ladansa ba a ƙauye, wannan Ummu Hanifa ta yi gaskiya. Ƙananan kaya su ne ke tafiya: rigar filo, jakar islamiyya ta yara, shimfiɗar jariri da ake kaiwa barka, murfin keken ɗinki. Gida ɗaya na inci 12 da ɗan zagaye ya zama fuskar filo. Shimfiɗar jariri gida 12 ce, 3 a kwance 4 a tsaye, inci 36 da 48. Jarin kuma kusan zare ne kawai, don mu teloli a ƙarshen azumi buhu-buhu muke share ƙyalle, wani a cusa filo, wani a ƙone.

Amma ribar da ta fi wannan ita ce hannu. Yaron da na sa ya haɗa murabba'i har kusurwa ta haɗu, in na ba shi aljihu ko wuyan kaftani ba ya karkacewa. Ummu Hanifa kin ce ta je ta koyi sa zif. Zif ɗin ma miƙaƙƙen ɗinki yake so, kuma gara ta koye shi a ƙyallen banza da ta koya a shaddar mutane.

Ummu Hanifa (Gezawa): Wannan na yarda da shi, Malam. In don gyaran hannu ne da rufar yara, ba ni da ja. Ɗakin amarya ne dai har yanzu ban gani ba.

Maman Sadiq (Taura): Anti Tela, na yi kwalin, na manna filasta. Layuka uku duk sun fito 12 da rabi, na auna. Amma da na zo haɗa layi da layi, wurin mahaɗar ya yi tudu, keken na tsalle a kai, ɗaya kusurwar ta ɗan goce.

Anti Tela (Ringim): Madalla, kin wuce mai wuyar. Saura guga. Kafin ki haɗa layuka, ki kwantar da bakin ɗinkin layin sama da na ƙasa su kalli waje, na tsakiya su kalli ciki. A tsarinki hakan yana nufin kowane baki ya kwanta ta ɓangaren ƙyalle mai duhu, ba zai nuna ta cikin mai haske ba. In kika kifa layi kan layi, bakin sama ya tafi dama na ƙasa ya tafi hagu, sai su cije juna. Ki taɓa da yatsa za ki ji sun zauna, ba rami ba tudu. Ki soke fil a daidai wurin, ki taka a hankali, ki zare fil ɗin kafin allura ta iso.

Gugar ma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen. In kin ja, ƙyallen zai miƙe ya karkace. Mai dutsen gawayi ta kula da toka, ta goge ƙasansa a tsumma kafin ta ɗora kan mai haske, kuma kada wutar ta yi yawa don atamfar roba narkewa take.

Amarya (Jahun): Anti, to ana iya gauraya atamfar roba da ta auduga? Nawa ƙyallayen duk a cakuɗe suke, har da leshi da wani yadi mai santsi.

Anti Tela (Ringim): Ki ware su, 'yata. Auduga tana tsukewa a wankin farko, roba ba ta tsukewa, in suna gida ɗaya sai ya tattare. Leshi da mai santsi ki ajiye su gefe, ba na mai koyo ba ne. In kin rasa gane su, ki ɗauki ɗan zare ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba tana narkewa ta dunƙule. Ki wanke komai kafin yanka, kowace kala daban, ki goge. Kuma ki yanka bisa tafiyar zaren, gefen kwalinki ya bi tsayin zanen. Wanda aka yanka a karkace miƙewa yake ko da awonsa daidai ne. Bakin atamfa mai rubutu ki yanke shi ki yar, ya fi sauran tauri.

Jikar Hajiya (Kura): Hajiya ta ce a jiƙa mai zuba a ruwan gishiri ya kwana.

Malam Tela (Gujungu): A gafarce ni Hajiya, ni dai gishiri bai taɓa tsayar mini da zubar atamfar kanti ba. Abin da nake yi, in jiƙa ƙyallen in matse shi a jikin farin tsumma. In ya bar kala, in sake wankewa. In ya ci gaba da zuba, ba ya shiga aikina, don ja ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata bargo gaba ɗaya.

Maman Sadiq (Taura): Alhamdulillah, ya haɗu. Kusurwa huɗun duk sun zauna, gidan ya kwanta. Allah ya saka wa kowa da alheri. Wata tambayar: yawancin abin da ke buhuna dogaye ne sirara, ba za su ba da inci 4 da rabi ba. Su kuma fa?

Malama (Birnin Kudu): Akwai gidan da aka yi domin irinsu, Log Cabin. Ya yi tashe a Amurka a shekarun 1860, lokacin yaƙin basasarsu. Ana fara shi da ƙaramin murabba'i a tsakiya, bisa al'ada ja, wai shi ne murhun gida. Sai a riƙa ɗinka sirara ana zagaya shi, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu, har ya kai girman da ake so. In kin haɗa gidaje da yawa, yadda kika juya su shi ke fitar da zane, ko layi a karkace ko lu'u-lu'u.

Anti Tela (Ringim): Shi ya ma fi yi wa mai koyo sauƙi ta wani ɓangaren, don ba kusurwar da za ki haɗa a cikin gidan. Ki yanka sirara duka faɗi ɗaya, inci 2, tsakiya inci 2 da rabi ko 3. Ki ɗinka, ki buɗe, ki danna da dutse, ki datse abin da ya zarce, ki juya ki sa na gaba, kullum juyin ta hannu ɗaya. In ƙyallayen ba su da ƙwari ki ɗinka su a kan tsohon zane da kika yanka murabba'i, shi zai riƙe su. Sai dai ki riƙa aunawa bayan kowane zagaye, don shi ma in baki ya goce yana karkacewa a hankali. Masu alwatika kuwa ki bar su tukuna, gefensu na karkace miƙewa yake a hannu.

Amma shawarata ki gama gida 12 na mai tara ɗin nan ki yi shimfiɗa ɗaya ta kammala, kafin ki buɗe wani aikin.

Baban Walid (Gumel): Uwargida na tambaya, cikon fa? Ta ce ko a sa audugar rimi irin ta lifidi, tun da muna da ita.

Jikar Hajiya (Kura): Hajiya ta ce a'a. Audugar rimi ta filo ce da katifa, santsi gare ta, ba ta kama juna, in ta sha wanki sai ta gudu ta taru wuri ɗaya. Ta ce in auduga ake so, ta gona ce, a gurje ta a cire gurya, a shiɓe ta ta yi laushi, a shimfiɗa sirara. Amma sai an bi ta da ɗinki kusa-kusa, tazarar yatsa biyu ko uku, in ba haka ba ita ma za ta dunƙule.

Anti Tela (Ringim): Hajiya ta gama magana. Ga mai koyo mafi sauƙi shi ne tsohon bargo marar nauyi da ya koɗe, ko tsofaffin zannuwa biyu. Ki share tsakar ɗaki, ki shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ciko a kai, haɗinki a sama. Shafi da ciko su zarce fuskar da kamar inci 2 ta kowane gefe. Ki kama su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki, kada ki fara daga gefe. Daga nan ko ki bi layukan da ƙananan ɗinki, ko ki ɗaure: zare mai kauri a babbar allura, ki soka ki fito a kowace mahaɗa, ki ƙulla sau biyu ki datse. Ɗaurin ya fi sauri, kuma ciko na zane ba ya gudu. Kada ki tura duka ukun a keken ƙafa ba tare da kin kama su ba, na sama zai riga na ƙasa tafiya ya yi miki tattara.

Ummu Hanifa (Gezawa): Maman Sadiq, in kin gama shimfiɗar ki sa mana hoto. Ina da ragowar shadda ruwan toka da ta yi kusan yadi, in za ta yi miki zagaye zan ba direban da ke zuwa Gujungu ran Lahadi ya ajiye a shagon Malam.

Malam Tela (Gujungu): A kawo, zan ajiye mata, in haɗa da sirara daga nawa. A wanke shaddar sau biyu kafin a yanka, sitacinta ya fita.

Amarya (Jahun): Anti, bakin bargon da kalmasa ake gamawa ko da me?

Anti Tela (Ringim): Hanya biyu ce. Mai sauƙin, ki datse cikon daidai da fuskar, ki bar shafin ya zarce da inci 1 ta ko'ina. Ki ninka shi rabi, ki sake ninko shi kan fuskar, ki soke fil ki taka. Ɗayar kuma ki yanka dogon ƙyalle faɗin inci 2 da rabi, ki ninka shi biyu a tsaye ki goge, ki ɗinka buɗaɗɗen bakinsa a gefen fuskar da keke, ki juya shi baya ki kama da allurar hannu. Ta biyun ta fi jure wanki don baki biyu ne, kuma in ya cinye ana farke shi a sa sabo ba a taɓa bargon ba. Na yara ki yi musu ta biyun.